Ceto, Fansa Da Sulhu: Tarihin Kalmomi Uku Daga Arewacin Zango Zuwa Wusasa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu wata 'yar muhawara ce da na ji a cikin mota, a kan hanyarmu daga Daura zuwa Zango. Muna tafe sai wata babbar mota irin mai kai shanu Kudu ta wuce mu, a bayanta an rubuta da manyan baƙaƙe cewa Yesu Mai Ceto. Wani dattijo da ke zaune kusa da direba ya karanta, ya girgiza kai ya ce, "Kai jama'a, har ceton ma sun ɗauke? Ai ceto na Manzon Allah ne ranar tsayuwa." Wani matashi da ke kujerar baya, wanda daga baya muka gane Kirista ne, ya ce cikin ladabi, "Baba, ba irin wannan ceton ake nufi ba." Dattijon ya waiwayo ya ce, "To ceto iri nawa ne, yaro?" Kafin yaron ya haɗa amsa mun iso tasha, kowa ya kama gabansa.

Tun daga ranar tambayar dattijon nan take yi mini yawo a rai, domin tambaya ce mai amsa, kuma amsarta tana cikin tarihi. Amma kafin in shiga ciki bari in share fage. Ni Musulmi ne, ba wa'azi na zo yi wa kowa ba, ba kuma raddi na zo yi ba. Abin da nake so mu duba shi ne yadda koyarwar Kirista game da tsira da shiryawa da Allah ta shigo harshen Hausa, da kalmomin da ta ara, da mutanen da suka ara mata su. Abin mamakin kuwa shi ne, Bahaushen da ya fi kowa ba da bakinsa ga wannan aiki tun farko, ƙauyensu ba shi da nisa da inda muka sauka daga mota ran nan.

Koyarwar A Taƙaice

Kiristoci sun kasu ɗariƙa-ɗariƙa, amma a kan wannan batu gangar jikin maganarsu ɗaya ce. Sun ce Allah Ya halicci mutum domin ya zauna lafiya da Shi. Saɓon da Adamu ya yi ya ɓata tsakani, kuma ɓarnar ba a kansa kaɗai ta tsaya ba, ta zama wani hali da zuriyarsa duka suka gada. Saboda haka mutum ba zai iya gyara tsakaninsa da Ubangijinsa da ƙoƙarin kansa ba, kamar yadda wanda ya faɗa rijiya ba ya jawo kansa da gashin kansa. Sai Allah da kanSa Ya ɗauki mataki, Ya aiko Yesu Almasihu, wanda suka ce ya mutu a kan gicciye, ya tashi a rana ta uku. Wanda ya ba da gaskiya gare shi an yafe masa, an kuma mayar da shi gida. A Hausa kalmomi uku ne ke ɗauke da wannan bayani: fansa ita ce abin da aka biya, ceto shi ne abin da mutum ya samu, sulhu kuwa shi ne abin da ya dawo tsakaninsa da Allah.

Mai karatu ya san Musulunci bai tafi a kan haka ba. A wurinmu Annabi Adamu (AS) ya tuba an karɓi tubarsa, kowane jariri da tsarkinsa ake haihuwarsa, ba wanda ke ɗaukar kayan laifin wani, sannan Suratun Nisa'i ta kore cewa an kashe Annabi Isa (AS) ko an gicciye shi. Wannan saɓani ne na tushe, ba shi da amfani a lulluɓe shi da zane. Sai dai yana da kyau a san cewa wanda ya fi kowa ɗaure wa aƙidar zunubin gado gindi a cocin Yamma ɗan Afirka ne, wato Agustin, wanda aka haifa a shekarar 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya yi bishop a Hippo, garin Annaba na yanzu, ya rasu a can a 430. Ke nan maganar ta ratsa Afirka ta Arewa tun kafin ta je Ingila ta dawo mana.

Fansa: Kalmar Da Ta Fito Daga Kasuwar Bayi

Bayan jihadi, wajen shekarar 1805, Malam Isiyaku ya karɓi birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da mutanensa. Zuriyarsa suka yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har suka kafa gadon sarautarsu a Zango wajen 1825, wani reshe kuma ya zauna a Ɓaure. Daura ta zama uku ke nan, kuma biyun nan na Haɓe suna ƙarƙashin inuwar Damagaram ne. Inuwa ce mai zafi. Wani Bature matafiyi, James Richardson, wanda ya zauna a Damagaram a farkon 1851, ya rubuta yadda sarkin garin kan kai hari kan ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa, ya kamo mutane ya biya bashin da fatake ke bin sa. A wannan yanki, a wancan zamani, kalmar fansa ba ta cikin littafi ba ce. Kuɗi ne ko dabba ko wani bawan da dangi ke tarawa su kai domin a sako musu nasu. Bawa kuma yana iya yin murgu, wato ya riƙa biyan ubangijinsa wani abu yana neman na kansa, har ya tara ya fanshi kansa.

A cikin irin wannan hari aka kama wani yaro mai suna Dorugu. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance, wadda yau take cikin Jamhuriyar Nijar, arewa da Daura da Zango. Mahaifinsa makaɗi ne kuma manomi. Aka kai yaron Damagaram, daga nan aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya kai Kukawa ta Barno. A can ya faɗa hannun wani Bajamushe, Adolf Overweg, wanda ya 'yanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a bakin tafkin Chadi a 1852, yaran suka koma wurin abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Da shi suka je Katsina da Sakkwato da Tumbuktu, suka ƙetare Sahara, suka sauka Ingila a 1855.

A Ingila akwai wani limamin mishan Bajamushe, James Frederick Schön, wanda ya yi aiki a Saliyo ƙarƙashin ƙungiyar CMS, ya kuma shigo kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Tun 1843 ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa, amma Hausar tasa ta tsince-tsince ce daga bakin 'yantattun bayi, domin bai taɓa taka Kano ko Katsina ba. Da ya sami Dorugu sai ya zama kamar makaho ya sami ɗan jagora. Yaron ya zauna a gidansa shekaru, yana faɗa Schön yana rubutawa. Daga wannan zama aka sami fassarar Linjilar Matiyu a 1857, da nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da Sabon Alkawari a 1880. A 1885 kuma aka buga Magana Hausa, wanda ke ɗauke da tarihin rayuwar Dorugu daga bakinsa da tatsuniyoyi da labarai. Mu masu son karatun ƙagaggun labarai ya kamata mu riƙe sunan yaron nan, domin labarinsa yana cikin zube na farko-farko da aka rubuta da Hausar boko. An yi masa baftisma a Ingila da sunan James Henry Dorugu, ya dawo gida a 1864, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa, Kano, inda ya rasu a 1912.

To, mai karatu, ka ɗan tsaya ka kwatanta. Ga yaron da aka sayar, aka saye, aka 'yanta, yana zaune ana tambayarsa yadda za a faɗi da Hausa cewa wani ya ba da ransa domin a saki waɗansu. A Linjilar Markus sura ta 10 akwai wannan magana, kuma a fassarar Hausa da ake karantawa a majami'u yau kalmar fansa ce a wurin. Ga Bahaushen ƙarni na 19 babu buƙatar sharhi. Ya san bawa ba ya fita da roƙo, sai an biya.

Sai dai kalmar tana jawo tambayar da duk ɗan kasuwa zai yi: wa aka biya? Malaman Kirista sun daɗe suna kai ruwa rana a kan wannan. Waɗansu na farko, kamar Orijin na Iskandariyya a ƙarni na 3, sun ce Shaiɗan ne ke riƙe da mutane, don haka shi aka ba fansar. A 1098 Anselm, babban bishop na Kantabari, ya ƙi wannan magana, ya ce Shaiɗan ba ya bin kowa bashi, haƙƙin Allah ne mutum ya ci, kuma haƙƙi ne da ya fi ƙarfin aljihunsa. Wannan bayani ya fi kusa da abin da muke kira diyya. Masu gyaran coci na ƙarni na 16 suka ƙara da cewa Almasihu ya sha horon da ya kamata mai laifi ya sha. Wannan fahimta ta ƙarshe ita ce mafi yawan 'yan mishan da suka zo ƙasar Hausa suka zo da ita.

Ceto: Kalma Ɗaya, Ma'ana Biyu

Asalin ceto a Hausa shi ne tsamo wani daga halaka, kamar a ceci yaro daga ruwa ko daga gobara. Amma tun kafin zuwan Turawa malamanmu sun riga sun ba kalmar wani aiki na musamman: ita suka fassara shafa'a da ita. A waƙoƙin wa'azi da na bege, Mai Ceto shi ne Annabi Muhammadu (SAW), wanda zai roƙa wa al'umma ranar alƙiyama da izinin Ubangijinsa. Idan za a kwatanta da zaman fada, wannan ceto ya yi kama da kamun ƙafa: mai laifi ya san sarki ne ke da hukunci, sai ya sami na kusa da sarki ya sa masa baki. Wanda ya sa bakin ba ya shan bulala a madadinsa. Ceton da Kirista ke nufi kuwa ya koma ga ma'anar tsamowa, ga shi kuma ba ranar alƙiyama yake farawa ba. Mai bi yakan ce ya riga ya sami ceto tun yana raye. Ga amsar dattijonmu ke nan a dunƙule: shi yana maganar roƙo ne a gobe, yaron kuma yana maganar biya ne da aka riga aka yi.

'Yan mishan ba su jahilci ma'anar farko ba. Charles Henry Robinson, wanda ya iso Kano a ƙarshen 1894, ya tattara waƙoƙin wa'azi na ajami ya buga su a Ingila a 1896. Wanda ya karanta waɗannan waƙoƙi ya san nauyin kalmomi irin su ceto, tuba, zunubi, rahama da lahira a kunnen Bahaushe. Amma babu inda za a gudu, domin harshen addini a Hausa malaman zaure ne suka gina shi, duk wanda zai yi maganar Allah da Hausa dole ya shiga rumbunsu ya yi aro.

A 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci wata 'yar tawaga zuwa Kano, a cikinta akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus wurin fatake da mahajjata. Sarkin Kano Alu ya ƙi ba su wurin zama, ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Miller bai haƙura ba. A 1905 ya zauna a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Shekara da shekaru yana wa'azi, waɗanda suka bi shi ba su taka kara sun karya ba, har sai da wani abu ya same shi daga inda bai zata ba.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya yi mulki daga 1855 zuwa 1882, an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa (AS) fiye da yadda malaman gari suka yarda. Ruwayoyi sun ce an kashe shi a kasuwa saboda ya ƙi janye maganarsa. Almajiransa, waɗanda aka sani da Isawa, suka watsu zuwa ƙasar Ningi da gabashin Zazzau. Ya kamata a lura cewa mutanen nan ba daga bakin Bature suka ji labarin Isa ba, kuma ba su da aƙidar gicciye ko fansa. A 1913 waɗansu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Miller a Zariya. Suka zauna aka yi ta karatu, waɗansu suka karɓi baftisma, waɗansu suka tsaya a kan abin da suka gada. Waɗanda suka karɓa suka kafa ƙauye a Gimi, amma cikin 'yan shekaru ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, saura suka dawo Zariya. A 1929 mishan ta tashi daga cikin birni ta koma Wusasa, inda aka gina majami'ar nan ta ƙasa mai fasalin ginin Hausa. Daga waɗannan gidaje aka sami 'yan boko na farko-farko a Arewa, irin su Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975.

Da taimakon irin waɗannan mutane masu ƙafa ɗaya a karatun allo, Miller da abokan aikinsa na sauran mishan suka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya, aka buga shi a 1932. An sake sabuwar fassara wajen 1980. Idan ka buɗe shi za ka ga yadda aka yi zaɓe a cikin rumbun nan. An riƙe sunan Allah, an riƙe Ibrahim da Musa da Dawuda, an riƙe zunubi da kafara da hadaya da annabi. Amma a majami'u Yesu ake cewa, ba Isa ba, kamar an yarda cewa wanda ake magana a kansa ya bambanta da wanda Musulmi ya sani. Ga kyautar Allah da ba a saye ta da aiki aka ɗauki alheri, ga imani kuma aka ɗauki bangaskiya. Wata kalma mai ban sha'awa ita ce tuba. Idan Bamaguje ya musulunta mukan ce ya tuba, mu kira shi tubabbe. Idan ɗan'uwansa ya shiga coci, can ma sabon tuba za a kira shi. Uwa ɗaya uba ɗaya, kalma ɗaya, hanya biyu.

Ko a tsakanin Kiristoci ma ceton bai zama bakinsu ɗaya ba ta kowace fuska. Tun daga 1517 da Martin Luther ya tayar da ƙura a Jamus, Furotesta suka tsaya a kan cewa bangaskiya kaɗai ke baratar da mutum, aikin kirki 'ya'yan itace ne da ke biyo baya. Katolika kuma suka ce alherin Allah ne tushe, amma sai mutum ya ba da haɗin kai ta hanyar ayyukan ƙauna da ibadun coci. Sai a 1999, a birnin Augsburg, Katolika da Lutarawa suka sa hannu a kan takardar fahimtar juna game da wannan batu, bayan kusan shekara 500.

Sulhu: Wa Ke Zuwa Biko?

Bayan Turawa sun ci ƙasa, sun raba tsohuwar ƙasar Daura tsakanin Ingila da Faransa, sun kuma ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da shi gadon kakanninsa a Daura. A Sakkwato a 1903 Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addinin mutane ba, saboda haka aka daɗe ana taƙaita shigar 'yan mishan masarautun Musulmi irin su Daura. Sai koyarwar ta bi ta gefe. A arewa, ƙungiyar SIM ta buɗe tasha a Damagaram a 1924, sannan Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya asibitin Galmi a 1950. A ɓangaren Nijeriya kuwa ƙofar da ta buɗe ita ce ta kutare. Wajen 1937 hukumomin En'e suka miƙa wa SIM kula da sansanonin kutare: Babbar Ruga a Katsina, Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato.

Mai karatu ya tuna matsayin kuturu a wancan lokaci. Ba a cin tuwo kwano ɗaya da shi, ba a ba shi hannu, sau da yawa matarsa takan fita, abincinsa bara. Maganin da ake da shi a farko allurar wani mai ce mai zafi wadda amfaninta kaɗan ne, sai a ƙarshen shekarun 1940 zuwa na 1950 ƙwayar dafson ta iso, aka fara sallamar mutane suna komawa gida. Ga mutumin da danginsa suka guje shi, maganar cewa an karɓe ka yadda kake ba ƙaramar magana ba ce. Amma a faɗi gaskiya, abin bai rasa ƙura ba. Sarakuna da iyaye sun koka a kan yadda ake haɗa magani da wa'azi, musamman ga yaran da aka raba da iyayensu don gudun harbuwa, suka tashi a hannun mishan. Da yawa daga majinyatan sun sha magani sun koma gida da addininsu. Waɗansu kuma sun fita a matsayin ma'aikatan jinya da malamai da masu bishara, su ne suka kai Hausar coci ƙauyukan Maguzawa na kudancin Katsina da Kano. Cocin ECWA da aka kafa a 1954 daga wannan aiki na SIM ta fito. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe asibitoci da makarantun mishan.

To me sulhu ke nufi a nan? Mu a al'adarmu, idan ɗa ya saɓa wa uba, ko talaka ya saɓa wa hakimi, mai laifi ne ke neman dattawa su raka shi ban haƙuri. Idan mace ta yi yaji saboda miji ya ƙuntata mata, shi ne ke tura biko. Abin da Manzo Bulus ya rubuta a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa sura ta 5, da ta Romawa sura ta 5, ya juya wannan tsari ne. A can wanda aka yi wa laifi Shi ne Ya fara aikowa, tun mai laifin bai ko yi nadama ba. Haka ma misalin da ke Linjilar Luka sura ta 15, na ɗan da ya karɓi gadonsa tun uban na da rai, ya je ya ɓatar, yunwa ta koro shi gida. Tun yana nesa uban ya hango shi, ya sheƙa da gudu ya tarye shi, ya sa aka yanka masa kiwatacce, yayan kuwa ya yi fushi ya ƙi shiga gida. Duk Bahaushen da ya ji wannan labari zai tsaya a kan gudun dattijon, domin babban mutum ba ya gudu a bainar jama'a. Kuma da yawanmu, idan za mu faɗi gaskiya, bayan yayan za mu bi.

Koyarwar ta ƙara da cewa wanda aka yi wa wannan sulhu wajibi ne ya yi wa ɗan'uwansa. A nan ne nake tuna Jiki Magayi, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar 1933, tare da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki da Idon Matambayi. John Tafida na Wusasa ne ya rubuta shi tare da Rupert East. Mutanen cikin labarin Musulmi ne, ba kuma wa'azin coci ba ne, amma jigonsa ramuwar gayya ce: an ƙwace wa mutum budurwa da ƙarfin dukiya, ya ƙi haƙura, ya bi ta hanyar asiri, abin ya ci ɗan da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya ci uban, shi ma mai ramuwar bai ga daɗin komai ba. Tambayar inda ramuwa ke tsayawa tambaya ce da masallaci da majami'a duka ke amsawa, kowa da hujjarsa.

Kammalawa

Me ya sa wannan tarihi ya shafe mu yau? Na farko, saboda Hausawa Kiristoci suna nan, ba baƙi ba ne. Suna Malumfashi da Ƙafur da Matazu, suna Wusasa, suna Maraɗi da Damagaram. A 2023 aka kafa dayosis ɗin Katolika na Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, bishop ɗinsa na farko. Idan suna addu'a da Hausa suke yi, da kalmomin da muke ji a tafsirin azumi. Na biyu, saboda mun ga abin da rashin sanin juna ke haifarwa. A watan Janairu na 2015, bayan zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa, an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum goma suka rasa rayukansu a biranen biyu. Waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada ba su suka yi zanen ba, da yawansu maƙwabta ne da ake cin kasuwa ɗaya da su, a garin da aka taɓa kai Dorugu a ɗaure.

Sanin abin da maƙwabcinka ke nufi ba yarda da shi ba ne. Dattijonmu yana da gaskiya cewa a Hausar da ya tashi da ita ceto na Manzon Allah ne, kuma ba wanda ya ce ya saki wannan. Yaron ma bai yi ƙarya ba da ya ce wani ceton daban suke nufi. Da motar ta ƙara mana tafiyar rabin awa, da watakila kowannensu ya ji bayanin ɗan'uwansa, ya sauka yana kan addininsa, amma ya san inda suka haɗu da inda suka rabu. Wanda ya san iyakar gonarsa ba ya faɗa da maƙwabci a kan kunya.

Idan akwai dattawa a Kance ko Zango ko Ɓaure da suka gaji labarin hare-haren Damagaram da yadda ake fansar 'yan'uwa a wancan zamani, ina roƙon matasanmu masu rubutu su je su zauna da su, su rubuta tun kafin ƙasa ta rufe musu ido. Allah Ya sa mu dace, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.